Harshe da Amana: Yadda Ake Rubutawa da Adana Bayanan Binciken Cin Zarafin Tsofaffi da Naƙasassu

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan aka tambayi ɗalibin Hausa aikin da zai yi bayan ya kammala karatu, amsar ba ta wuce koyarwa ko aikin jarida ko fassarar labarai a gidan rediyo. Amma akwai wani fage da ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa yana buƙatar masanin harshe ƙwarai da gaske. Wannan fage shi ne na ɗaukar bayani da adana shi a lokacin da ake binciken cin zarafin tsofaffi da naƙasassu waɗanda ke ƙarƙashin kulawar wasu mutane.

Ni mutumin Kwoi ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba da ke kudancin Jihar Kaduna. Harshena na farko shi ne Hyam, Hausa kuwa a kasuwa da coci da makaranta na koye ta. Wani abu da ya faru a gabana a hutun ƙarshen shekarar 2023 shi ne ya sa na ga dacewar rubuta wannan maƙala. A cikinta za a duba ma'anar muhimman kalmomi, da girman matsalar, da dokokin da suka shafe ta. Daga nan sai a kawo abin da na gani, a fito da wuraren da harshe kan yaudari mai ɗaukar bayani, sannan a bayyana yadda ya kamata a tsara fayil a kuma tsare shi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Bahaushe yana da kalmomi da dama da suka ginu a kan aikatau "ci" waɗanda ke nuna cutarwa. Akwai cin zali, wato mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. Akwai cin mutunci, wato a zubar wa mutum da girma. Akwai cin amana, wato wanda aka yarda da shi ya yi ha'inci. Sai kuma cin zarafi, wanda a yau kafafen watsa labarai suka mayar da shi babbar rumfa da ta rufe sauran.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cin zarafin tsofaffi da cewa aiki ne da aka yi sau ɗaya ko aka maimaita, ko kuma ƙin yin abin da ya wajaba, wanda ya cutar da tsoho ko ya jefa shi cikin damuwa, a tsakaninsa da wanda ake sa ran amana daga gare shi. Idan aka lura za a ga cewa amana ita ce ginshiƙin wannan ma'ana. Ɓarawon da ya ƙwace wa tsohuwa jaka a hanyar kasuwa ya yi laifi, amma ba shi ake nufi a nan ba. Wanda ake nufi shi ne ɗa ko jika ko suruka ko ma'aikacin jinya ko mai gidan magani da aka damƙa masa mutum.

An kasa cin zarafin gida biyar:

(a) na jiki, kamar duka da ɗauri da kullewa a ɗaki;
(b) na zuciya, kamar zagi da barazana da jifa da maita;
(c) na dukiya, kamar cinye kuɗin fansho ko sayar da gona ba da yardar mai ita ba;
(d) na lalata;
(e) na sakaci, kamar hana abinci ko magani ko wanka.

Dangane da mutanen da ake magana a kansu kuwa, ana amfani da "naƙasassu" da "masu buƙata ta musamman", kuma da yawa daga cikinsu sun fi son na biyun. Mai ɗaukar bayani ya tambayi mutum yadda yake so a ambace shi. Kalmomi irin su "mahaukaci" da "musaki" ba su dace da takardar bincike ba, domin suna yanke wa mutum hukunci tun kafin a saurare shi.

3.0 Girman Matsalar

Wani nazari na shekarar 2017 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kafa hujja da shi, wanda ya tattara bincike 52 daga ƙasashe 28, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama ya gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. An kuma keɓe ranar 15 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai a kan batun. An fara bikin ranar a 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ita a 2011.

A Jihar Kaduna ba mu manta da abin da ya faru a Rigasa ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka a baya. Cikin makonni kaɗan aka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya da Kano. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Nijeriya, a gidajen maganin gargajiya da na addini, na Musulmi da na Kirista, har da wasu cibiyoyin gwamnati.

Matsalar ba a nan kaɗai take ba. A 2011 gidan talabijin na BBC ya nuna yadda ma'aikatan wani asibitin naƙasassu mai suna Winterbourne View, kusa da birnin Bristol a Ingila, suke azabtar da waɗanda aka ba su amana. An hukunta ma'aikata 11, shida daga cikinsu suka tafi gidan yari. Abin lura a nan shi ne, tun kafin a nuna fim ɗin wani babban ma'aikacin jinya ya kai ƙorafi ba a kula ba, kuma akwai rahotannin raunuka a warwatse a ofisoshi daban-daban, babu wanda ya haɗa su ya ga cewa abu ɗaya suke faɗa. Ke nan rubuta bayani kaɗai bai isa ba, sai an tsara shi yadda mai karatu zai gane.

A ƙasar Jaba da Kafanchan da kewaye, yawancin tsofaffi da naƙasassu a gida ake kula da su. Don haka wanda ake zargi sau da yawa ɗan gida ne, wanda kuma aka cuta a hannunsa zai ci tuwon dare bayan masu bincike sun tafi. Wannan shi ya sa sirri ya zama batun rai da mutuwa.

4.0 Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin a kare mutuncinsa, sashe na 37 ya kare sirrinsa, sashe na 36 kuma ya ba wanda ake tuhuma 'yancin a saurare shi, a gaya masa laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Bayan wannan akwai waɗannan dokoki:

(a) Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ce bayanan marar lafiya sirri ne.
(b) Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP. Ta haramta korar mutum daga gidansa da ƙarfi, da danne masa dukiya, da yin watsi da wanda ya dogara da kai. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018.
(c) Dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta 2017, wadda ta fara aiki a 2021.
(d) Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019.
(e) Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.
(f) Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni. Ta sa bayanan lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman. Ta kuma ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da mai su, a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72.

Har ila yau, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, duk da ta buɗe wa jama'a takardun gwamnati, ta keɓe fayil ɗin marasa lafiya da na waɗanda ake kula da su. Ba kowa ne zai zo ya ce a ba shi ba.

5.0 Abin da Na Gani

Shekarar 2023 ta zo wa mutanenmu da wuya, domin cuta ta faɗa wa citta, wadda ita ce abin dogaron manoman Jaba da Kaciya da Kagarko. Gidaje da yawa ba su sami abin da za su ɗauki ɗan aiki ba. A wani ƙauye kusa da Kwoi akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta kuma sami shanyewar ɓarin jiki. Wata maƙwabciya ta ga tabo a wuyan hannunta, ta kai magana gaba. Aka turo wani jami'i ya ɗauki bayani. Shi yana jin Hausa da Ingilishi, ba ya jin Hyam. Da aka ji ina karatun Hausa a jami'a sai aka kira ni in yi tafinta.

Jami'in ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Mama, sannu da jiki. Me ya sami hannunki?"

Ta fara da Hyam ina mayarwa da Hausa, shi kuma yana rubutawa da Ingilishi. Can sai ta juya Hausa da kanta, ta ce, "In zai tafi gona ya ɗaure ni a gado. Na yi kuka ya ce in yi shiru."

Jami'in ya ce, "Wa ke riƙe da ita?" Aka ce ɗanta. Sai ya rubuta cewa ɗanta ne ke ɗaure ta. Ya karanta mini da Ingilishi, na ce haka ta faɗa. Ta dangwala yatsa, muka tashi.

Sai da na kwanta da dare abin ya dawo mini. Harshen Hyam ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, kuma tsofaffinmu da yawa idan suna Hausa "ya" suke ce wa kowa. Ni kaina sai da na sha gyara a aji ɗaya na sakandare kafin "ta" ta zauna a bakina. Ɗan nata kuwa a Abuja yake aikin gini, sai ƙarshen wata yake zuwa. Da gari ya waye na koma na durƙusa kusa da ita na ce, "Kaka, wane ne yake ɗaure ki?" Ta ce, "Ɗana, ai matar gidan nan ce." Surukarta take nufi.

Da jami'in ya dawo aka saurari surukar. Ta ce tsohuwar ta taɓa mirginowa daga gado ta faɗa kusa da murhu, ita kuma dole ta je gona, babu mai zama da ita, shi ya sa take ɗaure ta da zane. Wannan uzuri bai mayar da ɗaurin daidai ba, domin tsohuwa takan wuni ba ruwa ba hanyar bayan gida. Amma ya nuna cewa maganin abin shi ne a sami mai zama da ita. Matan Zumunta na cocinsu suka raba kwanaki a tsakaninsu, ɗan kuma ya ɗauki nauyin wata yarinya da za ta riƙa taimakawa.

Sai dai kafin a gyara takardar farko, wani ya riga ya ɗauki hotonta da waya, ta shiga WhatsApp na 'yan garin. Aka riƙa nuna ɗan da yatsa ana cewa ga mai ɗaure uwarsa. Tsohuwar da ta ji, sai ta ce ita ba za ta ƙara yi wa kowa magana ba, tunda ta zama sanadin zubar da mutuncin ɗanta. An gyara fayil, amma ba a iya bin wayoyin mutane a gyara ba. Kuskure biyu aka yi, ɗaya na harshe ɗaya na adana, kuma na farkon ina da hannu a ciki.

6.0 Wuraren da Harshe ke Yaudarar Mai Ɗaukar Bayani

6.1 Jinsi

Daidaitacciyar Hausa tana bambanta "ya" da "ta", da "shi" da "ita". Masu Hausa a matsayin harshe na biyu da yawa ba sa yin haka. Saboda haka kada a dogara da wakilin suna wajen gane wanda ake zargi. A tambayi suna da dangantaka, a rubuta su. Haka kuma kalmomin dangantaka suna da faɗi. "Ɗana" na iya zama ɗan ciki, ko ɗan ɗan'uwa, ko ɗan kishiya, ko ma yaron maƙwabta, kamar yadda tsohuwar nan ta kira ni.

6.2 Wakilin Suna "An"

Hausa tana da hanyar faɗar aiki ba tare da an ambaci mai yin sa ba, kamar "an hana ni abinci" ko "ana kulle ni". Tsoho yakan zaɓi wannan siga da gangan saboda kunya ko tsoro, musamman idan suruki ne ko ɗan fari wanda ba a faɗar sunansa. Bai halatta mai rubutu ya cike gurbin da wanda yake zato ba. Ya rubuta "an" yadda aka faɗa, sannan ya yi tambaya, ya rubuta tambayar da amsarta.

6.3 Lokaci da Ninki

A dubi waɗannan jimloli:

(a) Ya doke ni.
(b) Yana dukana.
(c) Yakan doke ni.
(d) Ya doddoke ni.

Ta farko shuɗaɗɗen lokaci ce, tana nuna abu ya faru ya wuce. Ta biyu tana nuna abin yana ci gaba. Ta uku lokaci sabau ce, wato abin ya zama ɗabi'a. Ta huɗu kuwa ninki ya nuna an yi dukan da yawa a zama ɗaya. Idan tafinta ya dunƙule su ya ba da fassara guda, ya ɓatar da abin da alƙali zai auna nauyin laifi da shi, ya kuma ɓatar da abin da zai nuna ko mutumin yana cikin haɗari a yau.

6.4 Sakaya Zance

Al'adarmu ba ta yarda a ambaci wasu abubuwa kai tsaye ba. Mace takan ce "ya neme ni", ko "ya shigo mini ɗaki", ko "ya taɓa ni", ko a ce "an ɓata ta". Kowace daga cikin waɗannan tana iya ɗaukar ma'ana mai sauƙi ko mai nauyi. Idan aka yi fassarar kalma da kalma, "ya neme ni" za ta koma cigiya kawai. Idan kuma tafinta ya yi gaban kansa ya ce fyaɗe, ya sa mata magana a baki. Abin da ya dace shi ne a rubuta kalmominta da harshen da ta faɗe su, a nemi mace ta yi mata tambaya a keɓe, a kuma gaggauta kai ta asibiti. A Kafanchan akwai Cibiyar Salama da aka tanada don waɗanda aka yi wa irin wannan cin zarafi.

6.5 Kalmar "Wai"

"Wai" ƙaramar kalma ce, amma ita ke raba gani da ji. "Ta hana ta abinci" shaidar ido ce. "Wai ta hana ta abinci" jita-jita ce. Masu fassara sukan yar da ita don suna ganin ba ta da amfani, ta haka sai ji ya koma gani. Dole a tambayi kowane mai shaida, "Ka gani da idonka ko an gaya maka?"

6.6 Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Mu ɗalibai mun saba rubuta saƙo a waya ba tare da ɓ da ɗ da ƙ ba. A takardar bincike wannan sakaci yana iya juya magana gaba ɗaya. "Ta daure" yabo ne, wato ta yi haƙuri. "Ta ɗaure" kuwa zargi ne. Haka "kafa" da "ƙafa", da "karya" da "ƙarya", da "baki" da "baƙi". Tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, "baƙi" ma kanta tana iya zama launi ko mutanen da suka zo daga wani wuri, sai an duba muhallinta.

6.7 Wanda Ba Ya Magana da Baki

Kurame suna da harshensu. Masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazarin maganar hannu ta kuramen Kano, ta fitar da littafi a kai a shekarar 2000. Wannan maganar hannu ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, wadda ta samo asali daga ta Amurka. Don haka a tabbatar tafintan ya san irin wadda mutumin yake yi. Kada kuma a sa mai kula da shi ya zama bakinsa, domin wataƙila shi ne ake ƙara.

7.0 Tsara Fayil da Tsare Shi

7.1 Abin da Fayil Zai Ƙunsa

Kowane bincike ya sami fayil nasa da lambarsa. A ciki a sami ranar da aka kawo ƙorafi da lokacin, da wurin da aka ɗauki bayani, da sunayen duk waɗanda ke wurin, da harshen da aka yi magana da shi, da sunan tafinta. A rubuta bayanin da harshen mai shi, fassarar ta biyo baya a takarda dabam. A raba abu uku: abin da aka faɗa, abin da mai bincike ya gani, da ra'ayinsa. "Akwai tabo mai faɗin yatsa biyu a wuyan hannun dama" gani ne. "An azabtar da ita" ra'ayi ne. A haɗa da rahoton likita, da bayanin wanda ake zargi, da abin da wanda aka cuta yake so a yi masa, domin tsufa ko naƙasa ba su ƙwace wa mutum ikon zaɓi ba.

Kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, a karanta wa mutum bayaninsa da harshen da yake ji. A wurinmu ni aka karanta wa, ba ita ba. Da an mayar mata da Hyam an ambaci ɗanta, da nan take ta ce a'a. Tafinta shi ma ya sa hannu, ya kuma san cewa ana iya kiran sa kotu, domin kotunan Nijeriya sun sha ƙin karɓar bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta idan ba a kawo tafintan ya ba da shaida ba.

7.2 Gyara

Idan aka gano kuskure, kada a yage takarda ko a goge. A ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta gyaran, a sa kwanan wata da hannu. Duk wanda aka riga aka aika wa kofen farko a aika masa da gyaran.

7.3 Wa Zai Gani

Ƙa'idar ita ce, ba wanda zai ga fayil sai wanda aikinsa ya buƙaci haka, shi ma iya abin da yake buƙata. Likita, da ɗan sanda mai bincike, da jami'in walwalar jama'a, da kotu, kowa da rabonsa. Mai unguwa ko fasto ko limami suna iya taimakawa wajen sulhu, amma wannan bai ba su ikon riƙe kofe ba. A ɓoye sunan wanda ya kawo ƙorafi, in ba haka ba gobe ba wanda zai ƙara kawowa. A ajiye rajista da za a riƙa rubuta sunan duk wanda ya ɗauki fayil, da ranar, da dalili.

7.4 Ajiya da Zubarwa

Fayil na takarda a sa shi a kabad mai makulli, nesa da ruwa da gara. Na kwamfuta a sa masa kalmar sirri. Kada a ɗauki hoton takarda ko na rauni da wayar da ake shiga Facebook da ita. A ajiye fayil har tsawon lokacin da doka da ƙa'idar ofis suka tanada, kada kuma a taɓa shi muddin shari'a ba ta ƙare ba. Ko da bincike bai tabbatar da zargi ba, a rubuta hakan ƙarara a ajiye, domin yana wanke wanda aka zarga, yana kuma taimakawa idan ƙorafi ya sake tasowa. Idan lokacin zubarwa ya yi, a ƙone ko a yayyanka, a rubuta cewa an yi. Duk mun taɓa sayen ƙosai ko tsire a cikin takardar ofis. Bai kamata sirrin wata tsohuwa ya ƙare a haka ba.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa cin zarafin tsofaffi da naƙasassu cin amana ne, an ga dokokin da suka hana shi, an kuma ga yadda jinsi da lokaci da sakaya zance da baƙaƙe masu lanƙwasa ke iya canza abin da ke cikin fayil. Shawarata ga sashenmu ita ce a sa fassarar bayanan shari'a da na asibiti cikin darasin fassara, a riƙa gwada mu da Hausar waɗanda ba Hausawa ba, domin ita za mu tarar a Kafanchan da Jos da Yola da sauran wurare. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, duk wanda aka kira ya yi tafinta ya faɗi abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari, inda ya yi shakka ya tsayar da magana ya yi tambaya, abin da ya ji kuma ya bar shi a ɗakin. Ni tambaya ɗaya na kasa yi a kan lokaci, wato "wane ne?", kuma har yau idan na haɗu da ɗan tsohuwar nan a kasuwar Kwoi ina jin nauyinsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.